Inda Ƙafa Ba Ta Takawa

Littattafan kakanninmu suna cikin ƙasa yanzu, a cikin randa, a wani ƙauye tsakanin 'Yankara da Tafoki wanda babu mai kwana cikinsa. Ni na haƙa ramin. Damina ta zuba a kansu ta wuce, wata ta sake zubawa, ta uku ma ta zo ta wuce. Duk ranar da hadari ya haɗu a nan Ƙanƙara, mutane suna murna, ni kuwa hankalina yana can wurin randar.

Ba su da yawa, randa ɗaya ta ɗauke su. Akwai izu sittin da kakan Baba Malam ya rubuta da hannunsa, baƙi da tawada, wasali da ja. Akwai na fiƙihu, da na rabon gado, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Ba ɗinkakku ba ne irin na kasuwa. Takardu ne warwara, an jera su tsakanin bango biyu na fata, an ɗaure da tsirkiya, an zura kowanne cikin gafakarsa. Baba Malam yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ƙaninsa, shi ne kuma limamin ƙauyenmu har idanunsa suka daina gani.

Ni firamare na yi na tsaya. Na san abin da zan yi salla da shi, amma Larabcin da ke cikin waɗannan takardu ya fi ƙarfina. Duk da haka ni aka ba aikin shan iskarsu, saboda Baba ya ce a gidan babu mai tsoron ɓarna kamar ni. Kowace shekara, in ruwa ya ɗauke aka gama kai hatsi gida, sai in share zaure, in rufe ƙofa, in shimfiɗa sabuwar tabarma. In buɗe gafaka, in riƙa ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, ina share ta da gashin kaza. Ba na hurawa da baki, kada yawu ya fita. In na gama sai in zuba busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, a cikin gafakar saboda ƙwari. Kafin in taɓa sai na yi alwala, in na zauna sai in fara shakka ko na wanke gwiwar hannu sosai, in tashi in sake. Baba yakan ce, “Kai, rijiyar nan bisa alwalarka za ta ƙafe.”

A gindin kowace takarda akwai kalma ɗaya da aka rubuta ita kaɗai, ita ce farkon takardar da ke biye. Wata shekara iska ta shigo ta tagar zaure ta watsa mani wasu. Baba, lokacin yana gani, ya tsince su yana duba gindin kowacce, nan da nan ya mai da su yadda suke. Tun da idanunsa suka tafi, babu wanda zai iya wannan a gidanmu. Shi ya sa nake toshe tagar da tsumma kafin in kwance tsirkiya.

Akwai wasiyya a kansu tun daga kakan Baba: ba sa fita gidan, kuma baƙo ba ya ganinsu. An ce wani ɗalibi ne ya taɓa aron ɗaya, ya tafi da shi gabas, ba shi ba littafin. A zamanin da hanya take lafiya, wasu mutane sun zo da mota daga wata babbar makaranta, da na'urar ɗaukar hoto. Mutanen kirki ne, sun tuɓe takalma tun daga nesa, sun durƙusa sun gaida Baba. Suka ce ba za su ɗauki ko takarda ɗaya ba, hoto kawai za su ɗauka don a adana. Baba ya sa aka dama masu fura, ya yi ta hira da su kan damina da tsadar taki, ya yi masu addu'a, ya raka su har gindin mota. Ba su ga ko igiyar gafaka ba. A ranar na ji daɗi, don ban ga ɗayansu ya yi alwala ba. Yanzu ina yawan tuna wannan na'ura.

Mutanen daji, 'yan bindiga, da satar shanu suka fara. Daga baya suka koma tare hanya, sannan shiga gari. Da aka ƙone ƙauyen da ke ƙetaren rafinmu, muna hango hayaƙi daga bakin masallaci, mai unguwa ya tara mu ya ce kowa ya nemi inda zai raɓa. Rani ne, ana gyaran gona.

Na sami Baba a ɗakinsa na ce, “Baba, mu tahi da su.”

Ya ce, “Mu tahi da su ina?”

“Ƙanƙara.”

“Ƙanƙara gidan nan ne?”

Na ce ai wanda ya yi wasiyyar bai san za a yi irin wannan zamani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba a bar masa ikon canzawa ba. Ya ce ko da an bar masa, babur ɗaya ne zai ɗauki makaho da kayan mata da yara, in aka tare mu a hanya aka zazzage gafaka a tsakiyar daji, wa zai tsince su? Na tuna iskar nan ta zaure. Barinsu a ɗaki kuma bari ne ga wuta. Ƙasa kaɗai ta rage.

Mai babur ɗin taubashina ne, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malam Waswasi. Shi kaɗai muka gaya wa, don ba zan iya aikin ni ɗaya ba. Ya duba ɗakin Baba, ya buga ƙasa da diddige.

Ya ce, “Ga wuri nan. Soro ne, ruwa ba ya shiga. Mu haƙa nan, mu daɓe, mu mai da gado bisa.”

Na ce, “Nan ake takawa. Nan ake kwanciya.”

Baba ya ce, “Ƙafa ba ta hawa bisa maganar Allah.”

Taubashin ya ce, “To wa zai taka, Baba, tunda du mun tahi?”

“Wanda ya kore mu.”

Taubashin ya ce tsakar gida fa? Ana takawa. Zaure? Nan aka fi takawa. Bayan gida babu mai ko ambatonsa. Ya ce, “To sai dai mu rataye su ga gajimare. Malam Waswasi, kawo tsani.” Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Tun da aka gina gidan nan, wuri ɗaya ne ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba. Ƙarƙashin rumbu.”

Wallahi sai na ji kamar an sauke mani kaya. Rumbu a kan duwatsu yake zaune, ko yaro ba ya iya shiga ƙarƙashinsa, ga jinka tana kare shi daga ruwa. A lokacin ban ga aibun shawarar ba ko kaɗan. Taubashin ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Baba, ya rufe.

Muka zaɓi ranar kasuwar 'Yankara, da hantsi, lokacin da rabin ƙauyen suka tafi sayar da abin da ba za su iya ɗauka ba. Akwai ƙaramin rumbu a kusurwar gida wanda geronsa ya ƙare. Muka kwantar da shi gefe, muka kawar da duwatsun, na haƙa har ramin ya kai mani ƙirji. Maiɗakina ta ba da babbar randarta tana gunaguni, na kife ta a rana, na kuma zuba garwashi ciki don ta bushe sarai. Taubashin ya kawo leda ya ce a naɗe kowace gafaka. Na ce leda tana sa takarda gumi. Ya ce ƙasa kuma tana sa ta ruɓe. Muka yi ta ja har Baba ya raba mu, ya ce a sa ledar a bakin randa kawai. Aka riƙo hannunsa aka kawo shi bakin ramin. Ina miƙa masa gafaka, yana shafa igiyarta, yana gane kowacce da hannu, yana miƙo mani in sa. Na zuba ganyen bedi, na kife kasko, na liƙe da laka. Na zuba toka a ƙasa da kewaye saboda gara. Muka rufe, muka daɓe, muka jera duwatsun yadda suke, muka ta da rumbun. Na cusa ƙaya a tsakanin duwatsun don kada kaji su shiga su yi kashi.

Ban auna wurin da komai ba. Me zai sa in auna? Rumbun shi ne alama. Kuma mun ce kafin ruwan shuka mun dawo.

A Ƙanƙara wani ɗan uwa ya ba mu gidan da bai gama ginawa ba. Ruwan shuka ya sauka muna nan. Baba ya sami wuri a inuwar bango, yana wuni a kan tabarma. Duk wanda ya ji an ce ya biyo ta wajen ƙauyenmu sai ya sa a kira shi, ya tambaye shi ko ya hango rumbunan gidanmu a tsaye. Babu wanda ya matsa kusa balle ya gani.

Ni kuwa tunani ya hana ni sakat. Ina cikin ɗaukar bulo a wurin ginin da nake leburanci sai in tuna wata 'yar tsaga da na gani a lakar bakin randa. Na shafe ta ko ban shafe ba? Ina ganin hannuna yana shafawa, amma ban sani ba ko tunawa nake ko fata. Tokar ta isa? Gara tana jin tsoron toka in ta jiƙe? Na tambayi wani tsohon magini a fakaice, ya ce gara ba abin da take tsoro sai rana. Da ban tambaya ba.

Ran nan ana ruwa da la'asar, ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon yadda yake tona ƙasa, maiɗakina ta ce, “Malam, shigo mana. Tsayuwarka za ta ɗauke shi?”

Na ce ina tunanin randa.

Ta ce, “Ni na bar gadona da tukwanena da akuyata mai ciki, ban hana kowa sakewa ba. Kai da ko karanta su ba ka iya ba, kai za ka rame?”

Gaskiya ta faɗa, ban iya ba. Ta ga abin ya taɓa ni, sai ta sassauta murya don ta lallashe ni. Ta ce, “Kwantar da hankalinka. Randar nan ba ta da na biyu. Du unguwar wa ke da ruwan sanyi irin nawa? Kullum jikinta a jiƙe, ko da azumin bazara.”

Na zauna a ƙasa inda nake. Kowa ya san randar da ke sanyaya ruwa ita ce mai naso. Abin da ya bar ruwa ya fito zai bar shi ya shiga. Na yi shekaru ina shan ruwan randar nan ina yabawa, amma ranar da na sa ta a rami ban tuna ba, Baba bai tuna ba, ita ma mai ita ba ta tuna ba. Ta ce, “Mi kuma na ce?” Na ce ba komai.

Ban gaya wa Baba ba. Ban yi masa ƙarya ba, bai tambaye ni kan randar ba ne kawai, na kuma yi ta roƙon Allah kada ya tambaya.

Bayan damina ta biyu aka fara cewa an yi sulhu da mutanen daji a yankinmu, wai manomi zai iya zuwa ya duba gonarsa da rana ya dawo. Wasu suka je suka dawo lafiya. Baba ya kira ni ya ce lokacin shan iska ya wuce har ya sake zagayowa. Ya ce in je in fito da su, in buɗe su a zaure, in mai da su. Na ce in na ga sun jiƙe fa? Ya ce, “Ka shanya su.” Na ce in zo da su? Ya ce, “Je ka gani tukuna.” Wannan ne kusa da izini da na taɓa ji daga bakinsa, na riƙe shi da hannu biyu.

Muka tafi da taubashin bayan sallar asuba, da gari ya yi haske. Na ɗaure fartanya da buhu a bayan babur, na yi alwala a gida, na riƙe ta duk hanya, ko ruwa ban sha ba.

Ban gane gidanmu ba sai da rijiya. Katanga ta narke ta zama tudu. Zauren babu rufi. Bedin ƙofar gida an sare shi. Abin da ya tsaya cak, da ƙofarsa da rufinsa, shi ne soron Baba. Taubashin ya leƙa ciki, ya fito. Na leƙa ni ma. Ƙasar ɗakin a bushe take ƙayau.

Rumbu kuwa babu ko ɗaya. An kwashe hatsin an ƙone su, ruwa ya wanke tokar. Duwatsun da suke zaune a kai an ɗebe su, na ga wasu can gefe an yi murhu da su. An mai da tsakar gidan garke. Daga bakin rijiya har inda katanga take, kashin shanu ne da sawun kofato, an tattake wurin ya zama bai ɗaya, tafasa ta fito ta bushe a kai. Na tsaya ina neman kusurwa, amma gidan ba shi da kusurwa kuma. Na ce nan ne. Taubashin ya ce a'a, can gaba ne, kusa da inda turken jaki yake. Babu turken.

Muna cikin haka sai muka ji takun mutum. Matashi ne da bindiga a kafaɗa, wasu biyu suna zaune can kan tudun katangar maƙwabta suna kallonmu. Ya yi sallama, muka amsa. Ya dubi fartanyar da ke hannuna, ya dubi buhun.

Ya ce, “Malam, gona aka ce ku duba. Nan gona ce?”

Na ce gidanmu ne.

“Mi ka bari ciki?”

Ban iya ƙarya ba, ko ta wasa, kuma gaskiyar ba ta faɗuwa. Taubashin ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce, “Hankalinshi ya bari nan, ranka ya daɗe. Tun da muka tashi shina nema. Na ce mashi ko can da ba shi da yawa, bai yarda ba.”

Matashin ya yi murmushi, amma idonsa na kan fartanya. Ya ce, “In abin arziki ne aka binne, a tona mu raba. Mu ma mun gaji da zama.” Ya koma wurin 'yan uwansa ya zauna yana fuskantarmu.

Na duba abin ta kowace fuska. In na fara haƙa, za su zo su tsaya a kaina. In na dace da wurin, za su ga randa a liƙe, babu mai jiran in kankare laka a hankali, gindin bindiga za a sa. In suka ga takarda ce, ko su yi fushi ko su yi dariya, duk ɗaya ne, za a zazzage a ga ko akwai wani abu a ƙasa, ga iska tana kaɗawa. In ban dace ba, na nuna masu akwai abin nema, bayan tafiyarmu za su tone gidan duka. Abin da ya fi tsare littattafan a ranar shi ne in juya in tafi kamar ba su nan.

Taubashin ya ce a hankali, “Mu tahi, ɗan uwa.” Ban taɓa jin ya kira ni haka ba.

Sai a lokacin na dubi ƙafata. Tun shigowarmu nake zagaye wurin nan da takalmi, gaba da baya. Na tuɓe su na riƙe a hannu. Na so in bi ta gefe in fita, amma ban san ina ne gefen ba. Na taka a hankali cikin kashin shanu da ƙaya har na kai rijiya. Na ji waɗancan suna dariya.

Mun iso Ƙanƙara kafin la'asar. Baba yana inuwar bango, ya ji ƙarar babur ya gyara zama. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo hannu ya laluba buhun, ya ji babu komai.

Na gaya masa duka: rumbu, duwatsu, garke, matasan da ke zaune. Na gaya masa soronsa na nan a bushe. Har zancen naso na gaya masa, don na gaji da riƙe shi. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, “Littattafan suna gida dai?”

Na ce, “Suna gida, Baba.”

“Shanu na bisa?”

“Suna bisa.”

Ya ja carbinsa kaɗan. Ya ce, “Kai fa? Ka taka?”

Na ce, “Ban sani ba, Baba.”

Ya ce in miƙo masa buta, lokacin salla ya yi.

Tun daga ranar bai sake tambayar kowa labarin rumbu ba. Sulhun ma bai daɗe ba, hanyar ta sake rufewa. Akwai bedi a bayan gidan da muke zaune. Da ruwa ya ɗauke bana na tsinko ganyensa na shanya a inuwa, ya bushe, na zuba a buhun nan na rataye a ƙusa. Maiɗakina ta gan shi, ta dube ni, ta matsar da kayanta ta ba shi wuri.